Shagon Wane: Yadda Ake Auna Ɗan Dambe Tun Bai Yi Suna Ba

Duk wanda ya saba jin sakamakon dambe a rediyo ya san irin sunayen da ake jerowa: Shagon Ɗan Digiri, Autan Sikido, Garkuwan Cindo, Bahagon Sanin Kurna. Mai sauraro kan ɗauke su laƙabi kawai, irin na 'yan wasa. Amma in an lura, kowannensu sunan mutum biyu ne a haɗe, yaro da ubangidansa. Rabin farko yana faɗin yadda aka ga yaron ko matsayinsa a gidan: bahago ne, ko dogo, ko auta. Rabi na biyu kuwa yana faɗin wanda ya gan shi, ya yarda da shi, har ya ara masa sunansa ya shiga fili da shi. Ke nan tun kafin a kaɗa kalangu an riga an yanke wani hukunci a kan yaron, kuma akwai babban da zai sha kunya idan hukuncin bai yi daidai ba.

Yadda ake yanke wannan hukunci yana da dogon tarihi, kuma a yau tarihin ya iso wata mararraba, musamman a yammacin Katsina.

Sana'ar mahauta

A farkon shekarar 1824, matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya yada zango a Kano kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya sha jin labarin 'yan damben Hausa, sai ya sa ladan wuri 2,000 don a zo a gwada masa. Abin da ya rubuta game da ranar bai yi nisa da abin da ake gani yau ba: 'yan dambe sun iso da makaɗa, mahautan gari na biye da su, an naɗe wa kowa hannu ɗaya da ƙyalle, 'yan kasuwa sun bar kayansu, 'yan mata sun bar tuluna a bakin rijiya don kallo. Ya kuma hana a yi damben gaske, domin ya ji cewa yakan kai ga rasa rai.

Abin lura a labarin shi ne mahautan. Shekaru 200 da suka wuce, dambe yana hannun masu sana'a ɗaya, masu shugabanci ɗaya ƙarƙashin Sarkin Pawa, masu kiɗa ɗaya. Wannan ya sa auna yaro bai zama aikin yini guda ba. Ɗan mahauci yana tasowa ne a gaban manyan da za su ɗaura masa zare wata rana. Sun gan shi yana riƙe igiyar sa, sun ga yadda yake yi in dabba ta fizge, sun san ko mai saurin fushi ne ko mai haɗiye abu. Kafin ya taɓa tsayawa a fili, an yi shekaru ana karanta shi ba tare da ya sani ba.

Daga nan sai tsani. Matakin farko dandali ne, inda yara ke naɗe hannu da tsumma a farin wata. Na biyu damben kaka: in an kai gero da dawa rumbu, kuɗi ya shigo hannu, bukukuwa sun kankama, ayarin 'yan dambe kan bi ƙauyuka suna neman abokan karawa. Garuruwan gefen dajin Rugu, irin su Babban Duhu da Runka a Safana ko Wagini a Batsari, suna cikin wannan duniyar ta noma, kiwo da kasuwar mako, wadda ita ce ta haifi dambe ta kuma rene shi. Mataki na uku ya zo daga baya, da bunƙasar birane: gidan dambe mai shinge da kuɗin ƙofa, irin na Marabar Nyanya ta Jihar Nasarawa, inda ake karawa da sunan ɓangarori, Arewa da Kudu da Guramada. Yaron da ya isa can ta hanyar da aka saba, ya riga ya sha duka a wurare da dama inda kuskure ba ya da tsada sosai.

Abin da ido ke nema

Dokar dambe gajeriya ce. Turmi uku ake yi. Hannu ɗaya mashi ne, shi ake ɗaure wa zare. Ɗayan garkuwa, a buɗe, ana miƙa shi gaba don tarewa da auna tazara. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi. Tunda naushi ɗaya na iya gama magana, ɗan kallo yakan ɗauka nauyin hannu shi ne komai.

Tsohon ɗan dambe ya san nauyin hannu shi ya fi saurin bayyana, kuma shi ya fi yaudara. Yaro mai ƙarfi a ƙauyensu yakan kashe sa'o'insa a turmin farko, don haka ba ya samun dalilin koyon komai. Ranar da ya gamu da wanda bai faɗi ba, sai ya rasa abin yi a turmi na biyu. Saboda haka idon gwani kan sauka a wasu wurare. Garkuwar tana nan tsaye in an matsa masa, ko faɗuwa take yi? Ƙafar baya tana riƙe da shi in ya kai duka ya kuskure? Yana runtse ido in mashi ya taso? Yana iya jira, ko kirari da ihun 'yan kallo ke tura shi? Sai kuma tambayar da ba a samun amsarta sai an gani: ranar da aka fara kashe shi a bainar jama'a, ya dawo fili washegari ko ya ɓace?

Bahago yana da daraja ta daban, shi ya sa ake sa abin a suna. Yawancin 'yan dambe sun saba tarar mashi daga gefe ɗaya. In ya fito ta ɗaya gefen, lissafin tsayuwa da na garkuwa duk sai ya rikice.

Amma babban aikin ubangida yana zuwa ne bayan ya gama gano yaron. A al'ada dambe ba shi da sikelin auna nauyi, ba shi da takardar haihuwa. Ido ne ke haɗa mutum da daidai shi. Idan babban ɗan dambe ya nemi yaro, jama'a suka ɗauki sowa, makaɗi ya ɗauki takensa, yaron da kansa yana rawar jiki, mutum ɗaya ne zai iya riƙe masa hannu ya ce yau ba za a sa zare ba. Wannan "a'a" ita ce rabin tarbiyya. Manyan da Ɗan Anace ya waƙe, irin su Shago da Ɗandunawa, ana tuna su da ranakun da suka yi kisa. Waƙa ba ta ƙirga ranakun da aka hana yaro shiga fili, alhali da waɗannan ranaku ake kai shi ga girma.

Darasi daga Amurka

Wata ƙasa mai nisa ta yi fama da wannan matsala, kuma ta rubuta komai da alƙaluma. A wasan besbol na Amurka, mai jifa yakan tsaya kan ɗan tudu ya wurga ƙwallo mai girman lemo ga mai riƙe da sanda, a tazarar mita 18 da ɗoriya, da gudun da kan haura kilomita 150 a awa. Shi ma, kamar ɗan dambe, arzikinsa duka yana hannu ɗaya. Can ma bahago ya fi tsada.

A shekarun 1920, Branch Rickey na ƙungiyar St. Louis Cardinals ya ga ba zai iya gasar sayen manyan 'yan wasa da attajiran ƙungiyoyi ba, sai ya shiga mallakar ƙananan ƙungiyoyi a ƙananan garuruwa, yana renon yara mataki-mataki. Tsarin ya bazu, har yau kowace babbar ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu a ƙarƙashinta, hawa-hawa. Masu farautar yara suka ɗauki ma'auni daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaici, suna ba kowace baiwa makinta. A shekarun 1970 aka shigo da na'urar auna gudun ƙwallo, irin wadda 'yan sanda ke auna gudun mota da ita.

Duk da haka, labarin da ake koyar da shi har yau na David Clyde ne. Bahago ne ɗan shekara 18 daga Houston, wanda Texas Rangers ta zaɓa a matsayi na ɗaya a duk ƙasar a 1973. Mai ƙungiyar, Bob Short, yana cikin matsin kuɗi, filinsa ba ya cika. Maimakon a tura yaron ƙananan ƙungiyoyi, sai aka sa shi babban wasa ranar 27 ga Yuni, makonni kaɗan da gama sakandare. Sama da mutum 35,000 suka cika filin, ya kuma yi nasara. An shirya ya yi wasa biyu a mayar da shi ƙasa ya koyi aiki, amma kuɗin ƙofa ya hana. Hannun ya lalace. Ya yi wasansa na ƙarshe a babbar gasa a 1979 yana ɗan shekara 24, da nasara 18 da faɗuwa 33. Waɗanda suka auna Clyde ba su yi kuskure a kan baiwarsa ba. An dai rasa wanda zai ce "a'a".

Tsanin da ya karye

Abubuwa biyu sun sauya dambe a 'yan shekarun nan, ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa.

Daga sama, kyamara ta shigo. Tun wajen 2017 bidiyon Dambe Warriors ya fara yawo a YouTube, kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship suka biyo da gasa mai tsari. An samu alheri a ciki: rukunin nauyi, ƙayyade lokacin turmi, ma'aikatan lafiya a gefen fili, da kuɗin da mahautan zamanin Clapperton ba su taɓa mafarki ba. Sai dai abin da waya ta fi yaɗawa shi ne daƙiƙun kisa. Ba ta nuna garkuwar da ta tsaya turmi uku, balle haƙurin jira. Yaro na iya yin suna da naushi ɗaya, masu gidan dambe su yi ta nemansa da manya don a cika fili, tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba.

Daga ƙasa kuwa, matakan farko na tsanin ne suka raunana. Batsari da Safana suna cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu suka fi addaba. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan biyun. Matakan tsaro ne, amma kasuwar dabbobi ita ce rayuwar mahauci, kuma ita ce hanyar da labarin yaro mai hannu ke bi daga gari zuwa gari. Inda manomi ke tsoron zuwa gona da rana, ba a batun taron dandali da dare. Iyalai da dama sun yi hijira zuwa cikin Batsari, Dutsin-Ma da birnin Katsina. Saurayin da ya taso a irin wannan hali, in ya ga dambe hanyar ci ce, zai faɗa gidan damben birni kai tsaye: ba damben kaka a bayansa, ba dattijon da ya san shi tun yana riƙe igiyar sa, kuma yunwa ba za ta bar shi ya ƙi karawa ba ko da wa aka haɗa shi.

Sikeli zai hana a haɗa ƙaramin jiki da babba, amma ba ya bambance ɗan shekara 17 mai dambe biyar da ɗan shekara 30 mai dambe ɗari in nauyinsu ɗaya. Abin da zai cike gurbin sananne ne: gasar matasa a matakin ƙaramar hukuma da jiha, rajistar da ke nuna shekarun yaro da yawan dambensa, hutun dole bayan mummunan kisa, da ba ubangida ikon hana karawa ba tare da an ci shi tara ko an yi masa gori ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. A da, wanda ya ara wa yaro sunansa shi ke tilasta wannan sannun, domin in an ɗauke yaron ranga-ranga, sunansa ne makaɗa za su ambata. Duk tsarin da zai gaji wancan, sai ya samar da mutumin da za a tambaya idan aka sa wa yaro zare kafin lokacinsa.