Mabuɗin Aro: Tarihin Setuid

A wannan makon za mu leƙa tarihin wata dabarar kwamfuta da ta haura shekara hamsin tana aiki.

Duk wanda ya san masana'antun Bompai ya san sito ba wurin shigar kowa ba ne. Mabuɗi yana hannun mai kula da shi. Lebura ya miƙa takarda, a miƙo masa abin da aka rubuta, ba ƙari. Irin wannan tsarin Ken Thompson da Dennis Ritchie suka buƙata bayan sun fara gina Unix a Bell Labs da ke Amurka a 1969. Mutane da yawa suna amfani da na'ura ɗaya, kalmomin sirrinsu na cikin fayil guda, kuma babban mai iko da ake kira root ne kaɗai ke iya canza shi. To, yaya ƙaramin ma'aikaci zai sauya tasa kalmar ba tare da an damƙa masa komai ba?

Ritchie ne ya kawo mafita, wato setuid. Alama ce da ake sa wa manhaja a cikin izinin fayil ɗinta. Idan ka kunna ta, sai ta yi aiki da ikon mai ita, ko da kai ba kowa ba ne. Haka umarnin passwd yake: ya ari ikon root, ya gyara layinka kaɗai, ya mayar da mabuɗi. A 1979 aka ba da takardar mallakar wannan fasaha, daga baya kamfanin AT&T ya sakar wa kowa ita kyauta.

Sai dai idan mai sito ya yi sakaci, sito duka ya tafi. A Janairun 2022 kamfanin Qualys ya bankaɗo wata ɓaraka a manhajar pkexec ta Linux, wadda ta kwanta tun 2009, kuma kowane mai amfani zai iya bi ta cikinta ya zama root. Ita kuwa Google tun 2013 ta cire manhajojin setuid daga Android 4.3.

Don haka matasanmu masu kula da kwamfutocin ofisoshi a Bompai, Sharada da Challawa, ku riƙa duba fayilolin da ke ɗauke da wannan alama. Wanda ba ya buƙatarta, ku cire masa.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.