Wa Ke Asara Idan Aka Kulle Bayanan Bincike? Misalin Shiyyar Gaya

Tarihin fafutukar buɗe sakamakon bincike ga kowa sananne ne, daga sanarwar Budapest ta 2002 zuwa shawarar da ƙasashen UNESCO suka amince da ita a 2021, ba sai an maimaita shi ba. Abin da ya jawo wannan maƙala shi ne wani ra'ayi da ke ƙara samun gindin zama a tsakanin malaman jami'o'inmu, wai haɗin gwiwar ƙasashe kan buɗe bayanai sabuwar dabara ce ta kwashe arzikin Afirka, don haka gara mu riƙe namu a gida. Masu wannan ra'ayi sun gano ciwon, amma ina ganin maganin da suka kawo zai ƙara shi ne.

A Gaya ne hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano, KNARDA, ke da hedikwatar shiyyarta ta uku, Ajingi kuma tana cikin shiyyar. Ɗalibai da manazarta sun daɗe suna shiga ƙauyukan yankin da takardun tambayoyi, suna rubuta yawan gero da dawa da wake da gyaɗar da aka girbe, da ɓarnar wuta-wuta, da kuɗin taki. Ina waɗannan alƙaluma suke yau? Wasu suna cikin kundayen digiri a kan kantocin laburare, wasu a mujallun da sai an biya kafin a karanta. Idan wata cibiya ta waje ce ta ɗauki nauyin aikin, tana da nata kwafin tun farko, kullewa ba ta rage ta da komai. Wanda ake rufe wa ƙofa shi ne malamin gona a Ajingi, da malamin jami'ar Wudil wanda dole ya sake tura ɗalibi ya tambayi manomi abin da aka riga aka tambaye shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu adawa ita ce ta rashin daidaiton ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa wanda ke da kuɗi da manyan kwamfutoci shi zai riga yin nazarin bayanan da aka buɗe, ya wallafa, sunan wanda ya sha rana yana tattarawa ya ɓace: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Suna ƙarawa da cewa manyan kamfanonin ɗab'i sun ɗauke kuɗin daga kan mai karatu sun ɗora wa marubuci. Mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 kan kowace maƙalar da za a buɗe a 2021. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai na biyun kuka ne da tsarin biyan kuɗi, kuma akwai wasu tsare-tsaren: SciELO ta Brazil da kuɗin hukuma ta tashi, AJOL kuma tun 1998 take fito da mujallun Afirka a intanet, da wuya a ce hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantunmu ba za ta iya ɗaukar irin wannan nauyi ba. Na farkon kuwa sharaɗi yake buƙata. Manufar 2013 ta CGIAR, gamayyar cibiyoyin binciken noma na duniya, wadda ta hau kan cibiyoyin IITA da ICRISAT masu tashoshi a Kano, ta ba mai bincike har wata 12 kafin ya saki bayanansa. Ana iya neman a tsawaita wa'adin ga manazartan gida, a kuma wajabta ambaton mai tattarawa, amma wanda ya ƙaurace wa teburin yarjejeniya ba shi da bakin neman ko ɗaya.

A nan ya zama dole in taƙaita da'awata. Abin da na kawo ya shafi bayanan noma ne waɗanda aka cire sunayen mutane daga cikinsu. Bayanan lafiya wani babi ne daban, kuma al'ummar da ta ga gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 tana da dalilin yin taka-tsantsan. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ce ya kamata ta yi jagora a can. Ko a fannin noman ma, buɗe takarda da Turanci ba ya kai ta ga manomin da ya ba da amsoshin. Don haka sharaɗin da zan fi so a sa cikin kowace yarjejeniya da abokan hulɗa na waje shi ne a ajiye kwafin bayanan a ofishin shiyya na Gaya, tare da taƙaitaccen sakamako da Hausa wanda malamin gona zai iya karanta wa manoma kafin damina ta faɗi.