Rabin Daƙiƙa a Kwanar Dangora

Shagona na koyar da kwamfuta yana Kwanar Dangora, daidai inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da titin Kano zuwa Zariya. Duk wanda ya zo koyo, darasinsa na farko linzamin kwamfuta ne: in ɗora masa hannu a kai, in ce ya danna sau ɗaya, sannan ya danna sau biyu. A nan na ga manyan mutane suna haɗa gumi.

Ba na mantawa da wani dattijo mai tafireta, wanda ya daɗe yana buga wa jama'a takardun koke da na cinikin gona a bakin kotu. Da shagunan kwamfuta suka fara janye masa aiki, sai ya zo ya zauna cikin sa'annin jikokinsa. Yatsunsa sun saba da bugu mai nauyi, ɗaya bayan ɗaya. Sai ya danna, ya ɗaga hannu, ya sake dannawa, fayil ya ƙi buɗewa.

"Malam, ai sau biyu na buga," in ji shi.

Na ce, "Haka ne Baba, kwamfutar ce ba ta jira ka ba."

Wannan rashin jira yana da tarihi. Douglas Engelbart da Bill English ne suka ƙera linzami na farko a Kalifoniya cikin shekarun 1960, ɗan akwatin katako mai maɓalli ɗaya, aka nuna wa duniya aikinsa a birnin San Faransisko ranar 9 ga Disamba, 1968. A tsakiyar shekarun 1970, a cibiyar binciken kamfanin Xerox, Larry Tesler da Tim Mott suka sa danna sau biyu ya zama hanyar zaɓen kalma guda a cikin rubutu. Da kamfanin Apple ya fitar da kwamfutocin Lisa a 1983 da Macintosh a 1984, linzaminsa maɓalli ɗaya gare shi, don haka maɓallin ya ɗauki aiki biyu: dannawa ɗaya ta zaɓi abu, biyu su buɗe shi. Windows ta bi sahu, ita ce kuma ta iso shagunanmu.

Ga inda gizo ke saƙar. Lokacin da ka danna na farko, na'ura ba ta san ko na biyu na tafe ba. Sai ta kunna agogo. A Windows, rabin daƙiƙa take bayarwa, kuma tana son kibiyar linzamin ta tsaya kusan a wuri guda. In ka wuce lokacin, ta ƙirga maka dannawa biyu mabambanta; in a kan sunan fayil ne, ta ɗauka suna kake son canzawa. In hannunka ya goce, ta ja fayil ɗin zuwa wani wuri. Masu rubuta manhaja ma suna fama da wannan. Ko dai su jinkirta aikin dannawar farko har agogo ya cika, mai aiki ya ji nauyin na'ura, ko su tsara yadda na farko zai zama share fagen na biyu. Shi ya sa zaɓe ke gaba da buɗewa.

Abin ya fi taɓa ni lokacin da hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da kowa kanta a 2015. Yara suka riƙa zuwa mini daga Kiru da Bebeji da ƙauyukan Doguwa, sun san karatunsu sarai, amma hannu na rawa a kan linzami. A 2017, zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, hukumar ta kawo tsarin maɓallai takwas: A, B, C da D don amsa, sauran don gaba, baya, miƙa takarda da komawa. Ranar da na ji labarin na yi hamdala, domin an daina auna ilimin yaro da saurin yatsarsa.

Yau ɗan da ya tashi da waya a hannu taɓawa ɗaya ya sani, kuma al'adar danna sau biyu tana ja da baya. Abin da ta koya mini ba zai tafi da ita ba. Rabin daƙiƙar nan mutum ne ya yanke ta, mutum kuma yana iya sauya ta. Na shiga wurin saiti na tsawaita wa Baba mai tafireta lokacin. Ya danna, ya numfasa, ya sake dannawa, takarda ta buɗe. A satin ya buga takardar cinikin gona ta farko da kwamfuta, ya kai wa mai ita da hannunsa.