Yammacin Sahara: ƙidayar 1974 da zaɓen raba gardamar da har yau ba a yi ba

Yammacin Sahara yanki ne a bakin tekun Atlantika, tsakanin Maroko da Moritaniya, yana kuma da ƴar iyaka da Aljeriya. Yana da arzikin fosfat da kifi. Tun shekarar 1991 mutanensa ke jiran zaɓen raba gardama, su zaɓi ƴancin kai ko zama cikin Maroko. Abin da ya hana zaɓen shi ne tambaya guda: su wa ke da hurumin jefa ƙuri'a?

Asalin takaddamar

A 1974 Espanya, wadda ke mulkin mallakar yankin, ta yi ƙidayar jama'a, ta samu Sahrawiyawa kimanin dubu 74. A watan Nuwamban 1975 sarki Hassan na biyu ya tura ƴan Maroko kusan dubu 350 tattakin da ake kira Koren Maci. A cikin watan ne aka sa hannu kan yarjejeniyar Madrid, inda Espanya ta bar yankin a hannun Maroko da Moritaniya. Ƙungiyar Polisario, da goyon bayan Aljeriya, ta ɗauki makami. Moritaniya ta janye a 1979.

Rigimar rajista

A 1991, shekarar da aka tsagaita wuta, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa tawagar MINURSO domin shirya zaɓen. Polisario ta nace a tsaya kan ƙidayar 1974. Maroko ta nemi a ƙara dubban mutanen da ta ce ƴan asalin yankin ne da ƙidayar ta tsallake. Kowane ɓangare ya san cewa rajistar ce za ta yanke sakamako tun kafin a buɗe runfunan zaɓe. A shekarar 2000 aka fitar da jerin wucin gadi na mutum kusan dubu 86, sai ƙorafe-ƙorafe sama da dubu 130 suka biyo baya, aiki ya tsaya.

Ko yawan ƴan gudun hijira a sansanonin Tinduf na Aljeriya abin jayayya ne, domin Maroko na neman a ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya.

Hannun ƙasashen waje

A 2007 Maroko ta gabatar da shirin ba yankin ƙwarya-ƙwaryar ƴanci ƙarƙashin ikonta. A watan Disamban 2020 Amurka ta amince da ikon Maroko kan yankin, lokacin da Rabat ta yarda ta daidaita hulɗa da Isra'ila. Espanya ta goyi bayan shirin a 2022, Faransa kuma a watan Yulin 2024, abin da ya sa Aljeriya ta janye jakadanta daga Paris. A Tarayyar Afirka kuwa, Maroko da Jamhuriyar Sahrawi dukansu mambobi ne.