Bayan Ruwa Ya Janye: Nazarin Ɓarnar Ambaliya a Garuruwan Gindin Duwatsu na Gusau, Tsafe da Bungudu

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da ke biyo bayan ambaliya a ƙananan hukumomin Gusau, Tsafe da Bungudu na Jihar Zamfara, inda garuruwa da dama ke zaune a gindin duwatsu ko a bakin gulbi. An yi nazarin yanayin ƙasar yankin, aka kuma ɗauki ɓallewar madatsar ruwan Gusau ta 2006 a matsayin misali. Matsayin maƙalar shi ne, ƙidayar rayuka da gidaje da ake yi a makon farko ba ta kama mafi yawan asarar, domin matsalar ruwan sha, hatsin rumbu da ƙasar noma tana ci gaba watanni bayan an gama rabon kayan agaji.

Yanayin ƙasar yankin

Wanda ya biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau zai fara cin karo da duwatsun Tsafe, sannan Dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bungudu. Waɗannan tsofaffin duwatsu ne masu tauri, ba sa shan ruwa. Duk abin da sama ta zubo a kansu gangarowa yake yi nan take, ya bi kwazazzabai ya afka cikin koramu. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajajen Funtuwa, shi ke ratsa Gusau ya wuce ta ƙasar Bungudu zuwa madatsar Bakalori da aka kammala a 1978.

Saboda haka ambaliyar nan iri biyu ce. Akwai ta gulbi, wadda ke tasowa a hankali har mutane su ga alamarta. Akwai kuma ta gangare, wadda ke zuwa cikin ɗan lokaci, sau da yawa da dare, a watan Agusta ko Satumba lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi. Sare itatuwa don itacen girki da gawayi ya ƙara wa ta biyun gudu, tunda babu saiwar da za ta riƙe ƙasar gefen dutse.

Misalin 2006

Ranar 30 ga Satumba 2006, cikin watan azumi, madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai ƙarfin gaske. Rahotannin lokacin sun ce kimanin mutum 40 ne suka rasu, gidaje kusan 500 suka rushe, kuma an danganta lamarin da ƙofofin sakin ruwa da suka ƙi buɗewa. Waɗannan alƙaluma ne ake ta maimaitawa har yau. Abin da ba kasafai ake ambata ba shi ne, daga wannan madatsa ce birnin ke samun ruwan famfo. Ke nan gari ya kwana da ruwa har cikin ɗaki, ya wayi gari yana neman na sha a hannun 'yan ga-ruwa.

Asarar da ba ta shiga lissafi

Ta farko ita ce ta gini. Gidan ƙasa ba lallai ya faɗi a daren ambaliya ba. Gindin katanga yana jiƙa, tubali ya yi laushi, sai bayan kwanaki soron ya rufta, lokacin da masu ƙidaya sun riga sun koma ofis. Mai irin wannan gida ba ya cikin jerin sunayen da aka kai wa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, ko takwararta ta jiha.

Rumbu ya fi wannan muni. Ambaliyar ƙarshen damina tana zuwa ne daidai lokacin da tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabon gero na kan shanya, dawa kuma ba ta nuna ba. Damin da ya jiƙe yakan tsira ko ya yi fumfuna. Manomin da ya rasa shi ya rasa abinci da iri a lokaci guda, sai ya sayar da akuya da araha ko ya ci bashin hatsi da zai biya da tsada a kaka mai zuwa. Buhun shinkafa da katifa, waɗanda su ne aka saba rabawa, ba sa warware wannan.

Sai ruwan sha. A ƙauyuka da tsofaffin unguwanni, salga da rijiya sukan kasance a gida ɗaya, tazarar 'yan taku kaɗan. Da zarar ruwa ya cika su, ƙazanta ta gauraya, amai da gudawa na iya biyo baya, zazzaɓin cizon sauro kuma ya ƙaru daga kududdufai. Gonar gangare ma ruwa kan kwashe ƙasarta ta sama ya bar fako, ya je ya binne fadamar wani da rairayi.

A shekarun baya-bayan nan matsalar tsaro ta ƙara dagula lamarin. Mutanen da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a ƙasar Tsafe da Bungudu suna kwarara zuwa manyan garuruwa, kuma filin da talaka ke iya samu shi ne na kwari da hanyar ruwa. Aikin gayya, wanda da shi ake tayar da katangar maƙwabci a da, ya yi rauni inda jama'a suka warwatse.

Shawarwari

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, da hukumar nazarin ruwa, NIHSA, suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, amma da wuya ya isa ga mai unguwa cikin harshen da zai sanar a masallaci. Ɓallewar madatsar Alau kusa da Maiduguri cikin Satumba 2024 ta nuna cewa sakaci da gyaran madatsu bai tsaya a Gusau ba. Ya kamata gwamnatin Zamfara ta wajabta ƙidaya ta biyu bayan wata ɗaya da kowace ambaliya, tare da dagatai da masu unguwanni, wadda za ta haɗa da rumbuna, rijiyoyi da gonaki. Haka kuma a riƙa gwada ƙofofin madatsar Gusau kafin faɗuwar damina, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon.