Tarihin Cinikin Faifan Waƙa: Daga Kasuwar Duniya zuwa Tambuwal da Kebbe

Cinikin faifan waƙa shi ne sayar da muryar mawaƙi bayan an naɗe ta a faifai, kaset ko wata na'ura, domin a saurara ba tare da mai waƙar yana wurin ba. Waƙoƙin da aka tara wuri guda aka fitar da suna ɗaya su ake kira kundi, ko albam. A Amurka da Turai ana auna nasarar mawaƙi da yawan kwafin da kundinsa ya sayar. A ƙasar Hausa, har da kudancin Sakkwato, waƙa ta shiga ko'ina ta hanyar kaset, amma ma'aunin ɗaukakar makaɗi ya bi wata hanya dabam.

Mafari

Thomas Edison ne ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, bayan shekara 10 kuma Emile Berliner ya fito da garmaho. Faifan farko ba ya ɗaukar abin da ya wuce 'yan mintoci a kowane gefe. Sai a 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai cin fiye da minti 20 a gefe guda, wanda ya ba da damar tara waƙoƙi da yawa. Kamfanin Philips ya kawo kaset a 1963, faifan CD ya biyo baya a 1982.

Da ciniki ya bunƙasa sai aka fara ƙidaya. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta soma ba da lambar zinariya a 1958. A ƙa'idarta ta yau kwafi 500,000 ke kai kundi ga wannan matsayi, miliyan 1 ya kai shi ga lambar filatinam da aka ƙirƙiro a 1976, miliyan 10 kuma lambar lu'ulu'u da aka soma a 1999.

Kundayen da suka fi kasuwa

Kundin da ya fi kowanne ciniki a tarihi shi ne Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a ƙarshen Nuwamba 1982. Ana ƙiyasta ya sayar da kwafi kusan miliyan 70. Abin da ya ɗaga shi har da hotunan bidiyon waƙoƙinsa da tashar MTV ta riƙa nunawa, da kuma dacewar da ya yi da lokacin da faifai da kaset da CD duk suke kasuwa tare. Bayansa akwai Back in Black na ƙungiyar AC/DC ta Ostireliya, na 1980, mai kusan miliyan 50. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, na 1973, da The Bodyguard na Whitney Houston, na 1992, kowanne ana ba shi kimanin miliyan 45. Come On Over na Shania Twain, na 1997, ya kai wajen miliyan 40. A ƙarni na 21 kundin 21 na Adele 'yar Ingila, na 2011, ya haura miliyan 30.

Yawancin waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne na kamfanoni, domin ƙidayar kai tsaye daga shaguna ba ta fara a Amurka ba sai 1991. A Najeriya misalin da aka fi ambata shi ne Sweet Mother na Prince Nico Mbarga, wanda kamfanin Rogers All Stars na Onica ya fitar a 1976, ana kuma cewa ya sayar da kwafi miliyan 13 a Afirka.

Faifai da rediyo a ƙasar Sakkwato

Tun kafin garmaho ya zo, kiɗa sana'a ce mai tsari a wannan yanki. Makaɗin fada yana da ubangida, shi ke ba shi riga da doki da hatsi. Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu kiɗan kotso. Aliyu Ɗandawo ya zauna a fadar Argungu, daga baya ya koma Yawuri. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya waƙe sarakuna da dama da Sardauna Ahmadu Bello. Ɗan Anace ya shahara da waƙoƙin 'yan dambe, musamman ta Shago.

Garmaho kayan masu hali ne, na sarakai da attajirai da ma'aikata. Abin da ya kai waɗannan muryoyi kunnen talaka shi ne rediyo. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da Rima Rediyo na Sakkwato daga baya, sun naɗi makaɗa da yawa suna sakawa a shirye-shiryen zaɓi-sonka. Kamfanoni irin su EMI sun buga faifan Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, amma kasonsu a cinikin waƙar Hausa bai taka kara ya karya ba.

Zamanin kaset

Daga shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, rediyo mai kaset ya zama ruwan dare. Ya dace da karkara ƙwarai: da batir yake aiki, ana rataya shi a kafaɗa, a je da shi gona ko majalisa, kuma duk mai rakoda biyu yana iya kwafar kaset daga wani. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar da dillalai ke kwafa suna rarrabawa zuwa sassan Arewa da Nijar.

Tambuwal, garin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, tana kan babban titin Sakkwato zuwa Jega, hanyar da ke gangarawa Yawuri da Kwantagora. Direbobi da fatake da 'yan cirani su suka riƙa shigo da sababbin kaset, daga nan su bi kasuwannin ƙauye su isa Dogon Daji, su isa Kebbe da ke iyaka da Zamfara da Kebbi. Mai kaset yakan baza haja ya ƙure murya, mai saye ya saurara kafin ya biya. A teburi ɗaya za a tarar da Bakandamiyar Shata, da kotson Ɗanƙwairo, da Sani Aliyu Ɗandawo, da Muhammadu Gambo na Fagada a ƙasar Maiyama, da Sani Sabulu na Kanoma, ga kuma kaset ɗin wa'azi da karatun Alƙur'ani da na bege.

Babu hukumar da ta ƙidaya wannan ciniki. Kaset guda kan haifi ɗaruruwa, ribar kuma ta tsaya a hannun mai kwafa. Makaɗin gargajiya bai ɗora cinsa a kai ba. A wurinsa kaset talla ne: yana yaɗa sunansa, ya jawo gayyatar biki da naɗin sarauta, inda ake kyautar kuɗi da mota da kujerar Makka. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ba ta sauya wannan hali a kasuwannin karkara ba.

Finafinai, CD da waya

Finafinan Hausa na bidiyo da suka fara da Turmin Danya a 1990 sun kawo sabon salo, waƙar situdiyo da fiyano. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna cewa waƙa na iya sayar da fim. Daga baya mawaƙa irin su Aminu Ala, Nazifi Asnanic, Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka riƙa fitar da kundi a CD da sunansu. Su ne suka fi jin zafin satar fasaha, domin da kuɗinsu suke biyan situdiyo, kuma daga cinikin suke sa ran mayarwa.

A duniya ma kasuwar ta juya. Ciniki ya kai ƙololuwa a 1999, shekarar da Napster ya buɗe ƙofar musayar waƙa kyauta ta intanet. Shagon iTunes ya zo a 2003, Spotify a 2008, amma shi Spotify bai iso Najeriya ba sai 2021. Yanzu RIAA tana lissafa sauraro 1,500 a matsayin kwafi ɗaya na kundi, don haka da wuya wani ya sake kamo Thriller ta hanyar sayar da faifai.

A garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe, masu tura waƙa suka maye gurbin masu kaset. Mutum ya miƙa memori ko waya a shagon caji, a cika masa da ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, shi kuma ya tura wa abokai. Masu datar intanet suna saurare a YouTube, Audiomack da Boomplay. Nan ne karon farko da waƙar Hausa ta sami ƙidaya a fili, kamar yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta tara miliyoyin masu kallo a 2020.

Abin da ya rage

Yawancin waƙoƙin tsofaffin makaɗan Sakkwato da Kabi da Zamfara suna yawo ne a kwafin da ya dusashe, babu shekara, babu sunayen 'yan amshi, iyalansu kuma ba sa samun ko sisi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet. Ya kamata gidajen rediyo, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da masu tsofaffin kaset a gida su haɗa hannu a tattara wannan gado, a rubuta sunan mai kowace waƙa, a kuma bai wa magada haƙƙinsu.