Daga Keken Haya Zuwa Filin Gasa: Tarihin Labaran Dawaki a Adabin Turawa da Matsalar Zaɓensu Don Karatun Haɗin Gwiwa



Akwai wata al'ada da ta daɗe a tsakanin ma'abota karatu a Turai da Amurka, watau mutum goma ko ashirin su haɗu su ɗaura niyyar karanta littattafai kaza cikin watanni kaza, duka a kan jigo guda, sa'an nan su riƙa zama suna tattauna abin da suka karanta. Cikin jigogin da akan ɗauka har da labaran dawaki da na kuru, watau ɗan ƙaramin dokin nan wanda a lissafin Turawan Ingila tsayinsa bai wuce inci 58 a kafaɗa ba. To, wanda aka ɗora wa nauyin zaɓen littattafan yakan faɗa cikin wani rami. Sai ya tambayi kowa littafin da ya fi so yana yaro, ya jera su. Ƙarshenta ƙungiya ta karanta labari ɗaya sau shida da sunaye dabam-dabam: yarinya tana son doki, gidansu ba kuɗi, ta samu dokin, ta ci gasa. Kafin a kai wata na uku rabin jama'a sun zame jiki.

Abin da nake so in kafa a wannan lacca shi ne, labaran nan suna da tarihi, tarihinsu kuwa yana bin sawun tarihin dokin kansa. Sa'ad da doki yake aiki, shi ne yake magana a cikin littafi. Da mota ta karɓe masa aiki sai aka karɓe masa baki, aka ba yaro. Mai zaɓe in ya riƙe wannan zai san abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

Bari mu fara daga tushe. A watan Nuwamba na 1877 kamfanin Jarrold na birnin Norwich ya buga wani ɗan littafi mai suna Black Beauty, sunan baƙin doki ne, abin da mu za mu ce akawal. Marubuciyar, Anna Sewell, an haife ta a 1820, ta tashi a gidan mabiya wata ɗariƙar Kirista da ake kira Quaker. Tana wajen shekara 14 ta ji rauni a idon sawu, raunin bai warke ba har ta koma ga Mahaliccinta, saboda haka yawancin zirga-zirgarta a keken doki ta yi ta, ita ce kuma mai tuƙi. Ta rubuta littafin tsakanin 1871 da 1877 tana fama da jinya, wani lokaci mahaifiyarta ce take kwafe mata. Ta rasu a Afrilun 1878, wata biyar bayan fitowarsa. Shi kaɗai ta rubuta.

Yau a sashen yara na ɗakin karatu ake ajiye shi, amma ita ba don yara ta yi shi ba. Masu aiki da dawaki take nufi, 'yan barga da matuƙan keken haya, don su ji tausayin dabbar da ke hannunsu. Ku tuna a ƙarshen ƙarni na 19 an ƙiyasta dawakin birnin Landan kaɗai sun kai wajen 300,000. Su ne motar haya, su ne babbar mota, su ne motar kashe gobara. Dabarar da ta yi ita ce ta sa dokin ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa, daga makiyayar da aka haife shi, zuwa gidan masu hannu da shuni, zuwa jan keken haya, kowane sayarwa yana sauko da shi ƙasa da inda yake. Mu da muka tashi da tatsuniyoyin Gizo, muka kuma karanta akun Magana Jari Ce, dabba mai magana ba baƙon abu ba ne a gare mu. Bambancin shi ne dokin Sewell ba ya wayo, ba ya ba da dariya. Shaida kawai yake bayarwa. Yana faɗin yadda wani maɗauri na fata da masu kuɗi suke so yake tilasta wa doki ɗaga kai sama don ado, alhali kuwa mai jan kaya a hawan tudu dole ya sunkuyar da kai ya sa ƙarfi. Yana faɗin yadda ya hangi gawar wata goɗiya a cikin amalanke, ya yi fatan abokiyarsa Ginger ce, don ta huta.

Babin da ni na fi ba muhimmanci kuwa ba na doki ba ne. Akwai wani matuƙi matalauci da ake wa laƙabi da Seedy Sam, wanda ba shi da doki nasa, haya yake ɗauka. Sai ya kai wa mai keke sule 18 kowace rana kafin ya sami kwabon da zai kai gida. Da aka zarge shi da gallaza wa doki, sai ya zauna ya yi lissafin dalla-dalla, ya nuna cewa bulalar da ke sauka a bayan doki daga sama ta taso. Duk wanda ya san direban haya da ke kai wa mai mota kuɗi kowace yamma a garuruwanmu ya san Sam. Na tsaya a nan ne saboda bugun da aka taƙaita don yara sau da yawa irin wannan babi suke fara zubarwa. Ƙungiyar manya in za ta karanta littafin, lalle ta nemi cikakke.

A 1890 George Angell, mai fafutukar kare dabbobi a birnin Boston, ya buga littafin a Amurka, ya riƙa rarraba shi ga matuƙa, yana kwatanta shi da Uncle Tom's Cabin, littafin nan na 1852 da ya tayar da hankalin jama'a a kan bauta. A Rasha ma, a 1886, Tolstoy ya fitar da Kholstomer, inda wani tsohon doki danda yake ba 'yan'uwansa labari da dare, yana mamakin yadda ɗan Adam yake ce wa abu "nawa", ko da kuwa wani ne yake ciyar da shi, wani yake hawansa. Gajere ne, ana gama shi a zama biyu, in an haɗa shi da na Sewell kuwa mahawara ba ta mutuwa.

Daga nan sai duniya ta juya. Babban kamfanin safa na Landan ya janye keken dokinsa na ƙarshe a 1911. Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ya cinye dawaki dubu ɗaruruwa daga rundunar Ingila kaɗai. A Amurka dawaki da alfadarai sun haura miliyan 25 a wajen 1915, amma zuwa 1960 sun koma wajen miliyan 3. Mutum zai zaci labarin doki zai mutu tare da aikin doki. Akasin haka aka gani. A 1929 aka kafa ƙungiyar Pony Club a Ingila don koya wa yara hawa, a shekarar kuma aka buga Moorland Mousie na Muriel Wace, wanda har yanzu kuru ne yake magana a cikinsa bisa tafarkin Sewell. Shekara bakwai bayan haka, a 1936, Joanna Cannan ta fitar da A Pony for Jean, a nan ne aka yi musanyar da na ambata. Mai ba da labari yarinya ce, Jean, wadda iyayenta suka yi asarar dukiya suka koma ƙauye, 'yan'uwa suka ba ta wani ramammen kuru da kowa yake wa dariya, ta yi ta ɗawainiya da shi har ya zama abin nunawa. Dokin ya yi shiru. An daina tambayar abin da yake ji, an koma ga abin da yarinya take buri.

Wannan ƙwarya ita aka yi ta awo da ita shekara talatin da wani abu. 'Ya'yan Cannan mata uku, Josephine da Diana da Christine Pullein-Thompson, sun fara da littafin haɗin gwiwa a 1946, suka ci gaba kowacce da nata, ga makarantar koyon hawa kuma suna gudanarwa. Ruby Ferguson ta fito da Jill's Gymkhana a 1949, ta bi shi da wasu takwas. Ba na raina su. Suna koyar da ilimin kiwo na gaske, suna kuma nuna yarinya tana share barga da hannunta, tana lissafin kuɗin ciyawa, tana yanke shawara ba tare da jiran namiji ba, a zamanin da littattafan 'yan mata ba su cika yin haka ba. Amma guda ɗaya ya wadatar a jerin ƙungiya, ni kuwa na Cannan zan ɗauka don shi ne uwa. In ana son na biyu, a koma baya shekara guda a ɗauki National Velvet na Enid Bagnold, na 1935, wanda ya fi su duka kyawun rubutu. 'Yar mahauci ce mai shekara 14 ta ci doki a caca, ta yi shigar maza ta hau shi a gasar Grand National. A lokacin almara ce tsantsa. Mace ba ta hau a gasar ba sai 1977, ba ta kuma ci ba sai 2021, sa'ad da Rachael Blackmore ta zo ta ɗaya.

Amurka ta bi wata hanya dabam, domin can doki bai bar gona da garke da wuri ba, jarumin kuma yawanci yaro ne namiji. A 1941 aka buga littattafai biyu da suka yi hannun riga. The Black Stallion na Walter Farley mafarki ne: jirgin ruwa ya nutse, yaro da ingarma suka tsira a tsibiri. My Friend Flicka na Mary O'Hara kuwa a jihar Wyoming yake, uba yana kiwon dawaki don sayarwa, bashi ya sha masa kai, yana ganin ɗansa Ken ya cika shagala. Rabin littafin a kan uba da ɗa ne. Wanda ya fi su ɗaci shi ne The Red Pony na John Steinbeck, na shekarun 1930, inda kurun yaro ya kamu da ciwo ya mutu duk da alkawarin da babban ma'aikacin gidan ya yi masa. Sunan littafin yana yaudara, kada a miƙa wa ƙaramin yaro ba a duba ba.

Sai a 1982 muryar doki ta dawo da ƙarfi, cikin War Horse na Michael Morpurgo. Dokin, Joey, an sayar da shi ga soja a 1914, ya yi wa Ingila aiki, aka kama shi ya yi wa Jamus. Marubucin ya ari bakin doki ne don yana neman mai shaida wanda ba shi da ƙasa. Littafin bai yi tashe sosai ba sai da aka mai da shi wasan kwaikwayo a Landan a 2007, sa'an nan Steven Spielberg ya yi fim ɗinsa a 2011. In an karanta shi bayan na Sewell za a ga bashin da ake binsa, domin ita ma ta sa wani tsohon dokin yaƙi, Captain, ya ba da labarin yaƙin Kirimiya.

Saboda haka in ni aka ba zaɓen littafi shida, tambaya uku zan yi wa kowanne: wa yake magana, wane aiki dokin yake yi, wa yake biyan kuɗin abincinsa? Littattafai biyu in suka ba da amsa iri ɗaya, ɗaya ya fita. Zan kuma jera su bisa shekarun fitowarsu, Sewell, Tolstoy, Cannan, O'Hara, har zuwa Morpurgo, don mai karatu ya ji juyin da kansa. Waɗanda na lissafa biyar ne. Gurbi na shida na bar wa King of the Wind na Marguerite Henry, na 1948, ga dalilina.

Littafin ya ɗauki tarihin dokin da ake kira Godolphin Arabian, ɗaya daga cikin ingarmu uku da dawakin sukuwar Ingila suka samo asali daga gare su, wanda ya mutu a 1753, ya lulluɓe shi da almara. Labarin ya fara a bargar Sarkin Maroko cikin watan azumi, da wani yaron barga bebe mai suna Agba, wanda ya bi dokin zuwa Faransa, inda aka wulakanta shi har ya ja amalanke, daga nan zuwa Ingila. A nan mai karatu Bahaushe yana da abin faɗa wanda Bature ba shi da shi. A ƙasarmu doki bai zama mai jan keken haya ba, jaki da raƙumi da takarkari suka ɗauki kaya. Doki na sarauta ne da yaƙi da hawan salla, har akwai sarauta sukutum, Shamaki, don kula da barga. Dawakin Arewacin Afirka kuma sun daɗe suna ƙetaro hamada zuwa Barno da ƙasar Hausa. Don haka bargar da Henry ta zana daga nesa, mu mun san irinta daga kusa, za mu iya gane inda ta dace da inda ta zana Sarkin Musulmi yadda Turawan zamaninta suka saba zana shi. Akwai kuma abin lura a kan Agba. Shi ne ya raini dokin tun yana ɗan dukushi, shi ya kwana da shi a ƙasashe uku, amma sunan da tarihi ya riƙe na Baturen da ya mallaki dokin ne daga baya, shi kuma yaron marubuciyar ta yi shi bebe. A littafin Sewell doki ya sami baki, a na Cannan mai doki ta samu. Yaron barga fa? Wannan tambaya ita zan ajiye wa zama na shida, zan kuma so a gayyato wani dattijo da ya yi aikin barga a gidan sarauta ya zauna a ciki.